Kunnena na Hagu a Hoton Mai Lema

Talata, da hantsi

Mai Lema ya rasu jiya. A rediyo na ji, kamar kowa. Shekara talatin da ɗoriya muna tsayuwa gaban makirfo ɗaya ni da shi, ina shaƙar warin albasar bakinsa, amma babu wanda ya tuna ya bugo mini waya. Da na ji mai karanta labarai ya sauke murya, an sa busar sarewar nan da suke ajiyewa don manya, na kasa kunne in ji wane minista ne. Ashe nawa ne.

Sun ce shi ne tauraron shirin Katanga Ɗaya, wanda ya yi "tare da wasu." Mu biyu ne rak a shirin nan. Maƙwabta biyu, katanga a tsakani. Shi yana shararo ƙarya daga can, ni ina nan da kofin shayi, in buga cokali a gefen kofin in ce, "Ni dai ban gani ba." Aikina ke nan. Yau na zama wasu. Ko ba komai an ƙara mini yawa.

Akawu tana falo lokacin sanarwar. Matata ke nan. Sunan ya bi ta tun tana buga mana takardun wasa a tafireta a gidan rediyo, har 'ya'yanta da shi suka taso. Ban san ko ta fahimci abin da aka ce ba. Ta dube ni ta tambaya ko ni ne aka turo gyaran famfo. Na ce ni ne. Na je na murɗa famfon na dawo na ce an gyara. Ta yi godiya, ta ce idan maigidan ya dawo zai sallame ni.

Laraba, da yamma

Na je gidansa. Motoci har bakin titi. Kowa da labarinsa: wannan Mai Lema ya taɓa dafa kafaɗarsa, wancan sun taɓa shiga mota ɗaya. Wani mai ƙaton tumbi yana kuka yana cewa ba a taɓa yin mai barkwanci kamarsa ba, kuma shi kaɗai yake abinsa, ba ya bukatar kowa.

An jingine lemar nan tasa a kujera, mutane suna layi suna ɗaukarta hoto. Ka ji ikon Allah. Lemar da ta yi suna a rediyo, inda ba a ganin komai. Wata mata ta ce, "Baba, ɗan matsa kaɗan, kana tare hasken." Na matsa. Na saba.

Na yi masa addu'a da baki, kowa ya ji. Na zo in rubuta a nan, alƙalami ya ƙi.

Alhamis, da safe

Jarida ta sa hotonsa, rabin shafi. Na san hoton. Ranar da aka ɗauke shi ina tsaye a gefensa cikin riga mai ruwan toka. Sun yanke ni. Amma almakashinsu bai kai ba, kunnena na hagu ya rage a bakin takarda, da ɗan gefen hula.

Mai jarida ya ce, "Baba, ka san shi ne? Na ga ka daɗe kana kallo."

Na ce, "Ga kunnena nan."

Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce ashe ni ma ɗan wasa ne.

Juma'a, bayan ƙarfe biyar

Gidan rediyo zai riƙa maimaita tsofaffin shirye-shiryenmu kullum ƙarfe huɗu, har ƙarshen wata. Yau aka fara. Na kunna ne kawai don in ji ko muryata tana nan.

Akawu tana kan kujerarta tana ninke tsumman nan da take ninkewa tana warwarewa tun safe. Kiɗan buɗe shiri ya tashi. Mai Lema ya ce, "Maƙwabci, kana nan?" Sai ta ajiye tsumman. Ta miƙe bayanta. Ta gyara ɗankwali.

Labarin akuyarsa ne da ta ci agogo ta riƙa tashinsa da asuba. Akawu ta yi dariya. Ba murmushi ba, dariya, irin mai fitowa daga ciki, har tana buga cinya.

Rabon da in ji wannan dariyar tun kafin likita ya faɗi abin da ya faɗa.

Asabar, da rana

Ta ci abinci sosai jiya. Ya kamata in yi murna. Ina murna.

Litinin, bayan ƙarfe biyar

Yanzu ta san ƙarfe huɗu. Matar da ba ta san ranar mako ba, ba ta san inda bayi yake ba sai an kama hannunta, huɗu saura kaɗan sai ka ga ta tashi tana neman turare. Ta shafa a bayan kunne. Ta zauna gaban rediyo, hannu a kan gwiwa, kamar mai jiran baƙo.

Ni nake dama mata abin sha da safe. Ni nake wanke zanin gado kafin rana ta ɗaga, don kada maƙwabta su ga abin da ake shanyawa. Ni nake niƙa magani a cokali. Sunana a wurinta "Malam," ko "bawan Allah," ranar da na yi sa'a kuma mai famfo. Shi kuwa yana ƙarƙashin ƙasa ya miƙe ƙafa, an shafa masa turare.

Kakata idan tana ba mu labari da yamma, takan ce wanda ya mutu a labari ya huta, sauran mutanen labari ne za su yi wahala. A lokacin ina jin tana neman hanyar gajarta labarin ne don barci.

Talata, da hantsi

Bari in rubuta wannan, tunda babu mai karantawa.

Akwai wata rana, kafin aurenmu, aka tashi aiki ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Mu uku a ƙofar gidan rediyo. Shi da lema, ni da hannuna biyu. Ya buɗe ya ce, "Akawu, zo in kai ki tasha, kada takardun gwamnati su jiƙe." Suka tafi, kafaɗa tana gogar kafaɗa. Ni na tsaya ƙarƙashin kwano ina kallon bayansu har suka sha kwana. Ina jin dariyarta a cikin ruwan.

Ni ta aura. Na sani. Na taɓa tambayarta me ya gaya mata a hanya, ta ce, "Kai dai ba ka gani ba," ta ci gaba da tsintar shinkafa. Ban ƙara tambaya ba. Mutum ne ni mai haƙuri, kowa ya shaida.

Washegari na sayi lema. Ba a ƙara yin ruwa a wannan shekarar ba.

Laraba, da yamma

Dariya, dariya. Yau har da hawaye. Labarin da ya ce ya yi tseren gudu da inuwarsa ya ba ta rata. Ni na ba shi wannan labarin a kan benci, muna cin gyaɗa. Babu jaridar da za ta faɗa.

Alhamis

Rediyo bai yi ba yau. Batir ne.

Juma'a, da azahar

An same ta. Lafiyarta ƙalau, sai ɗan ƙurjewa a gwiwa. Ba zan rubuta sauran ba.

Asabar, da yamma

Auta, 'yarmu, ta zo da sassafe, da kayan aikinta na asibiti a jiki, ko gida ba ta biya ba. Mai facin taya na bakin titi ne ya bugo mata. Shi ya ga uwarta jiya da safe a tashar mota, takalmi ƙafa ɗaya, tana tambayar direbobi motar gidan rediyo. Ni ina can baya ina shanya. Ƙofa kawai na ji.

Auta ta wanke mata gwiwa, ta kwantar da ita, sannan ta kwashi wanki. Ban yi saurin karɓe rigata ba. Ta fito ta ajiye batura biyu a kan tebur, a gabana, a tsaye, kamar shaidu.

"Baba, a aljihunka."

"Sun mutu ne."

Ta sa su a rediyo. Ya kama da ƙarfi kamar ya ji haushina.

"Baba, kishi kake da gawa?"

"Ki iya bakinki, Auta."

"Na iya. Shekara biyu ina iyawa." Ta zauna. Muryarta ta yi ƙasa, wannan ya fi faɗan ciwo. "Ƙarshen wata zan tafi da ita gidana. Akwai ɗaki, akwai mai kula da ita da rana. Ka gaji, Baba. Kuma ba ta san ka ba. Ba ta san gidan nan ba. Ko nan ko can duk ɗaya ne a wurinta."

Na ce ba ɗaya ba ne. Ta ce in nuna mata bambancin. Na buɗe baki, babu komai a ciki sai haƙora shida.

Lahadi, da rana

Ba ɗaya ba ne.

Litinin, da hantsi

An bugo daga gidan rediyo. Shugabar shirye-shirye ce, murya kamar ruwan sanyi. Ashe matar marigayin ce ta ce musu Maƙwabci yana da rai. Za su yi shiri na musamman ranar ƙarshe ta wata don rufe makoki, suna so in zo jibi in faɗi wani abu su ɗauka.

Na ce zan duba ko ina da lokaci. Na goge riga mai ruwan toka tun kafin ta ajiye waya.

Laraba, da yamma

Na je. Auta ta zauna da uwarta.

Sun canza komai. Ɗakin da muke ɗaukar shiri ya zama wurin ajiye kujerun da suka karye. Inda teburin Akawu yake, kusa da taga, an sa injin ruwan sha. Na tsaya a wurin na sha ruwa, ba don ƙishi ba.

Na shirya magana tun daga gida. Zan ce ƙarya ba ta tashi sai da mai saurare. Zan ce dariya ba a bakin mai surutu take ba, a ɗan shirun da ke biyo baya take, kuma ni ne mai shirun. Shugabar ta zaunar da ni, ta manna mini abin ji a kunne, ta ce:

"Baba, da gaske ne ba ya shan shayi sai da sukari biyar?"

"Shida."

"Ikon Allah. To lemar fa, wa ya ba shi?"

Haka muka yi ta yi. Na zama mai gadin kayan tarihi. Da na fara maganar shiru sai ta kalli agogo ta ce za su duba idan akwai wuri.

Kafin in fita ta ce in ji abin da suka haɗa, zai burge ni. Awa guda ta zallar Mai Lema. Labari na bin labari, babu numfashi a tsakani.

Na ce, "Ina cokalin?"

"Mun tace, Baba. Mun cire ƙarar kofin da shirun nan da maimaicin, don labarai su samu wuri. Mutanen yanzu ba sa son jira."

Da injin yanzu almakashi yana kaiwa. Ko kunne bai rage ba.

Na roƙe ta su ba ni tsofaffin shirye-shiryen in kai gida, na ce akwai mai bukata. Ta ce sai an sami izini daga sama, kuma na saman ya yi tafiya. Daga farkon wata kuma filin ƙarfe huɗu zai koma na sharhin ƙwallo.

Alhamis, da safe

Na yi mafarkinsa. Yana leƙowa ta saman katanga yana cewa, "Maƙwabci, kana nan?" Na ƙi amsawa. Ko a mafarki ya fi ni riga.

Asabar, da rana

Auta ta kawo akwati. Ta ajiye a kan gado tana zuba kaya kaɗan-kaɗan, don kada uwar ta tsorata. Uwar tana taya ta ninki, tana tambaya wa zai yi tafiya.

Ni ina lissafi irin na mugunta. Daga jibi babu shi a ƙarfe huɗu. Zai mutu mutuwa ta biyu, wannan karon a falona. Na ji wani sanyi a raina. Sai na dubi Akawu tana neman turarenta, sanyin ya koma wani abu dabam.

Idan ya tafi, da dariyar zai tafi. Da ita ma.

Lahadi, bayan ƙarfe biyar

Dole in rubuta wannan yanzu kafin in fara gyara wa kaina labarin.

Mu uku a falo. Akawu ta shafa turare, Auta ta haɗa mata shayi. Aka yi jawabai, aka sa muryata ina cewa "shida," aka wuce. Sannan Mai Lema ya fara. Akuya da agogo. Ya kai ƙarshe, wurin da ake fashewa.

Akawu ba ta yi dariya ba. Ta karkata kai tana jira. Shi kuwa har ya shiga labari na biyu.

Na biyun ya ƙare. Ta matso da kunnenta jikin rediyo. Na uku. Fuskarta ta fara tattarewa. A ƙarshen na huɗu ta ɗauki cokali ta buga a gefen kofinta, ta jira. Babu wanda ya amsa.

Ta juyo gare ni. "Malam, kai ne mai gyara? Rediyon nan ya lalace."

"Ai ga shi yana magana."

"Wannan ne kawai yake magana. Mijina ba ya ciki."

Auta ta ajiye abin da ke hannunta. Na ce, "Wanne ne mijin naki?"

Ta dube ni kamar wanda ya tambayi wace ce rana a sama. "Mai cewa bai gani ba mana." Ta nuna rediyo da haɓa. "Wannan sai surutu. Shafi goma nake buga masa, yatsuna har kumbura suke. Nawa layi ɗaya ne. Ina ajiye shi sai ƙarshe, in buga a hankali." Ta yi ɗan murmushi, ta sauke murya kamar mai tsegumi. "Kishi ne da shi kamar me. Kada ka gaya masa na faɗa."

Na ce ba zan gaya masa ba.

"Rannan na je nemansa wurin aiki, ba su bar ni na shiga mota ba." Sai ta fara kuka a hankali. "Ina suka kai shi?"

Auta ta kashe rediyon. Ta riƙe uwarta. Ni na fita duba famfo. Na daɗe ina dubawa.

Litinin, da safe

Yau ce ranar tafiya. Auta ta ce sai da yamma, idan rana ta yi sanyi. Ba ta kalle ni ba, ni ma ban kalle ta ba. Akwati yana bakin ƙofa.

Litinin, da yamma

Huɗu saura kaɗan ta shafa turare ta zauna. A rediyo wasu maza biyu suna musu a kan ɗan wasan da ya zubar da ƙwallo. Na rage muryar har ta mutu. Na ɗauki kofi da cokali na shiga kicin. Katanga ɗaya ce tsakaninsa da falo, kuma akwai 'yar taga ta miƙo abinci, na ja labulenta.

Na tsaya da cokali a hannu. Sai a nan na ga matsalar. Ba a cewa ba a gani ba sai wani ya ce an yi. Layina ba ya tsayuwa da ƙafarsa. Shekara talatin ina cewa shi ne ba zai iya ba sai da ni.

Na gyara murya, na tura ta ta hanci yadda yake yi. Na ce, "Maƙwabci, kana nan?"

Ban san ina da shi a cikina haka ba. Har da jan numfashinsa, har da tsakin da yake yi kafin babbar ƙarya. Na ba da labarin akuya tun daga kasuwa har asuba. Na kai ƙarshe. Na yi shirun, cikakkensa, ban rage komai ba. Na buga cokali. Na ce abin da nake cewa, da muryar da Allah ya ba ni.

Dariyar ta zo ta cikin katanga.

Na yi labari uku. A na uku muryarsa ta karye a bakina, na ce wa kaina hayaƙin risho ne. Rishon a kashe yake.

Da na fito, Auta tana tsaye a lungu, bayan hannu a kan baki. Akawu tana share ido da gefen ɗankwali. Ta gan ni ta ce, "Malam, ka makara. Yanzun nan mijina ya gama."

Na ce, "Ya yi ƙoƙari?"

"Shi ai ba a magana. Ɗayan ne yau kamar mura yake yi."

Talata, da hantsi

Auta ta tafi aiki da safe. Kafin ta fita ta ja akwatin ta tura ƙarƙashin gado. Ba ta zazzage kayan ba. Ta ce, "Wata ɗaya, Baba, mu gani. Kuma za a sa sakata a sama, inda hannunta ba ya kaiwa. Kuma Laraba da Asabar ni ce da wanki, ba na son musu." Ta kai ƙofa ta juyo. "Labaran nawa ka riƙe?"

Na ce duka. Wanda na manta zan ƙirƙira in ɗora masa, ba shi da bakin musu yanzu.

Akawu ta kira ni mai famfo da safe. Ta ce maigidan yana dawowa ƙarfe huɗu, in jira in gaisa da shi, mutumin kirki ne.

To ga inda muka kwana. Na gama da wancan, yanzu kuma ga wani a bayan katangar kicin, ana shafa masa turare, ana yabon kirkinsa a gabana. Layi ɗaya yake faɗa a yini. Ni ne da wanki.

Mai Lema, Allah ya jiƙanka. Ga shi na rubuta. Ka zo da wuri yau, kuma ka gyara muryarka, an ce mura kake yi.